Daga Dodon Tatsuniya Zuwa Aljanar Littafi: Iyaye Mata da Labarin Ban Tsoro



A wannan fitowar, Ƙungiyar 'Yan Jarida ta makarantarmu za ta yi bayani a kan labarin ban tsoro da matan da suke rubuta shi. Abin da ya jawo maganar shi ne, mun lura 'yan mata sun fi kowa kawo mana labaran aljanu da na mayu, amma da yawansu sai su roƙi kada a sa sunansu. Wasu na gudun a ce abin bai dace da mace ba. Wasu kuma cewa suke yi ai rubutu na ɗan lokaci ne, da an yi aure an haihu shi ke nan. Don haka muka kawo muku tarihin iyaye mata biyu 'yan Nijeriya, ku karanta ku yi wa kanku alƙalanci.

Wa ya fara ba mu tsoro?

Kowannenmu ya tuna baya. Wanda ya fara ba shi labarin da ya hana shi fita tsakar gida shi kaɗai da dare, mace ce: uwa, ko kaka, ko goggo. Daga bakinsu muka san Dodo mai haɗiye yara, da mayya mai kama kurwa, da aljanin da ke zaune a gindin tsamiya. Ba don mugunta suke yi ba. Dodon rijiya yana hana yaro leƙa rijiya. Yarinyar da ta raina duk samarin garinsu ta bi kyakkyawan baƙo, daga baya ya rikiɗe mata a dokar daji, tana koya mana kada a ruɗu da kyan fuska. Ke nan wannan fanni a ƙasar Hausa tun asali a hannun mata yake.

Amma da aka zo kan ɗab'i, sai abin ya juya. A nan Zariya ne Hukumar Talifi, ƙarƙashin Rupert East, ta shirya gasar 1933 wadda ta haifar da *Ruwan Bagaja* na Abubakar Imam, da *Ganɗoki* na Bello Kagara, da *Shaihu Umar* na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da *Idon Matambayi* na Muhammadu Gwarzo, da *Jiki Magayi* na John Tafida da shi East ɗin. Babu mace ko ɗaya a ciki. Ba wai mata ba su taɓa riƙe alƙalami ba, domin Nana Asma'u 'yar Shehu ta yi waƙoƙi tun ƙarni na 19. Sai dai ƙagaggen labari na boko, wanda mace ta rubuta da Hausa aka buga, sai da aka jira shekara 47.

Hajiya Hafsat Abdulwaheed

An haife ta a 1952 a unguwar Ƙofar Mata cikin birnin Kano, a gidan Fulani. Ta yi firamare a Shahuci, sannan ta shiga makarantar 'yan mata ta lardi, wadda yanzu ake kira Shekara. Tun tana firamare ta fara rubuce-rubuce. A 1966 aka yi mata aure, tana da kimanin shekara 14, wato sa'ar 'yan ƙaramar sakandarenmu. Ga al'ada, nan ne ake sa ran alƙalami zai bushe. Nata bai bushe ba. Ta ci gaba da rubutu a ɗakin aurenta, tana raino tana girki.

A ƙarshen shekarun 1970 kamfanin NNPC na Zariya ya sa gasar ƙagaggun labarai. A lura, wannan NNPC na ɗab'in littattafai ne, ba na man fetur ba, an kuma kafa shi a 1966. Hajiya Hafsat ta aika da labarinta, *So Aljannar Duniya*, ya zo na biyu. A 1980 aka buga shi tare da *Mallakin Zuciyata* na Sulaiman Ibrahim Katsina da *Amadi Na Malam Amah* na Magaji Ɗambatta. Da wannan ta zama macen farko da aka buga wa ƙagaggen labari da Hausa.

Littafin na soyayya ne, ba a jerin littattafan ban tsoro ake sa shi ba. Labarin wata Bafulatana ce mai suna Boɗaɗo da ta nace sai ta auri Yasir, wanda ba Bafulatani ba, danginta kuma ba sa so. Marubuciyar ta samo tushensa daga abin da ta gani a gida, lokacin da yayarta ta auri Balarabe. To, me ya kawo shi cikin maganarmu? Bayan an shawo kan mutane, sai wata aljana ta shiga tsakanin ma'auratan, tana son mijin. A nan mai karatu yake fara waiwaye. Abin lura shi ne aikin da aljanar take yi a cikin labarin. Fargabar kowace amarya ke nan, a raba ta da mijinta, sai aka ba fargabar jiki da murya. Yadda kaka take yi da Dodo, haka Hajiya Hafsat ta yi da aljana a kan takarda.

Bayansa ta rubuta wasu, irin su *'Yar Dubu Mai Tambotsai* da *Nasiha ga Ma'aurata*. Ta daɗe tana zaune a Gusau, ta yi fafutukar haƙƙin mata, har ta nemi tsayawa takarar gwamnan Jihar Zamfara. Cikin 'ya'yan da ta raina akwai Kadaria Ahmed, 'yar jaridar da ta yi aiki da BBC, wadda ta zaunar da 'yan takarar shugaban ƙasa tana yi musu tambayoyi a talabijin gabanin zaɓen 2019. Mu 'yan wannan ƙungiya muna da darasi a nan. Gidan da uwa ke rubutu ba ya rasa mai riƙe alƙalami.

Nuzo Onoh

Idan kuma ana maganar wadda ta ɗauki ban tsoro ya zama sana'arta kacokan, sai mu gangara kudu. An haifi Nuzo Onoh a Inugu a 1962. Mahaifinta, C. C. Onoh, ya yi gwamnan tsohuwar Jihar Anambara a 1983. Tana 'yar shekara huɗu yaƙin basasa ya ɓarke, ta yi ƙuruciyarta cikin gudun hijira daga 1967 zuwa 1970. Tana da shekara 13 kuma wani mai wa'azi ya yi yunƙurin fitar mata da aljanun da aka ce tana da su, abin da bai taɓa barin zuciyarta ba. Daga baya ta tafi Ingila, ta karanta shari'a a Jami'ar Warwick, ta haifi 'ya'ya mata biyu, sannan ta koma jami'ar ta yi digiri na biyu a kan rubutu.

Littafinta na ban tsoro na farko, *The Reluctant Dead*, wato matattun da suka ƙi tafiya, ya fito a 2014, lokacin ta haura shekara 50. Ba ta ari dodannin Turawa ba. Ta koma ga abin da ta ji a ƙasar Ibo tana yarinya: fatalwa, da camfe-camfen binne gawa, da mamacin da aka zalunta. A *The Sleepless* na 2016 ta haɗa yaƙin basasa da cin zalin yara da sunan tsafi. A 2023 ƙungiyar marubuta labaran ban tsoro da ke Amurka ta ba ta lambar Bram Stoker ta karramawa kan aikin rayuwa. Sunan lambar na marubucin *Dracula* ne, littafin da ya fito a 1897. Yau ana yi mata kirari da sarauniyar labaran ban tsoro na Afirka.

Abin da ya haɗa su

Ɗaya Bakanuwa, ɗaya 'yar Inugu. Ɗaya ta yi aure da wuri, ɗaya ta fitar da littafi a makare. Amma abu uku ne ya haɗa su, kuma su ne ginshiƙan wannan rubutu.

Na farko, daga gida suka ɗebo. Tsoro ya fi kama mutum a wurin da ya sani. Mai karatu a Samaru ba zai razana da wani tsohon gidan sarauta na Turai kamar yadda zai razana da takun sawu a bakin Kubanni bayan isha'i ba. Muna da Dutsen Kufena, muna da tsoffin gine-ginen tashar jirgin ƙasa, muna da rumfunan kasuwar Sabon Gari idan an watse. Kowanne labari ne ke jiran marubuci.

Na biyu, abin tsoron yana ɗauke da gaskiya. Bayan aljanar Hajiya Hafsat akwai fargabar mutuwar aure. Bayan fatalwar Nuzo akwai yaron da aka cuta ba wanda ya tsaya masa. Idan labari jini ne kawai da ihu, da an rufe shafi an manta da shi.

Na uku, sun san alƙalami yana da kaifi. Wannan batu babba ne a gare mu. Har yau a garuruwanmu akan nuna tsohuwa ko maraya a ce maye ne, kafin a ankara an yi masa rotse. Akan ɗauki mai farfaɗiya ko mai taɓin hankali a yi ta duka da sunan fitar da iska, maimakon a kai shi asibiti. Marubucin ban tsoro yana iya ƙara wa wannan wuta fetur, yana kuma iya sa mai karatu ya tsaya ya tambayi kansa wane ne mugun na gaskiya. Mu muna goyon bayan na biyun.

Kira gare mu

Ƙofa a buɗe take fiye da zamanin Hajiya Hafsat. Bayanta Balaraba Ramat Yakubu da Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa da ɗimbin mata sun cika kasuwar littafi. Tun 2016 Sashen Hausa na BBC yake shirya gasar Hikayata ta gajerun labarai. Ga Jami'ar Ahmadu Bello a ƙofar gidanmu, inda ake nazarin adabin Hausa har zuwa digirin digirgir.

Saboda haka, ke mai ɓoye labari a bayan littafin lissafi, fito da shi. Ki je wurin kaka ki nemi tatsuniyar da ta fi ba ki tsoro, ki tambayi kanki me take hanawa, sannan ki gina naki. Kada ya wuce shafi biyu, kada a ambaci sunan wani mutum na gaske, a kuma rubuta da hannu mai kyau. Samari ma ba a bar ku a baya ba. Malamanmu na Hausa, muna roƙon ku taya mu dubawa da gyaran ƙa'idojin rubutu. Labarin da ya fi kyau za mu manna shi a nan, a wannan bango, da sunan mai shi a sama.

Da yayyafi kogi kan cika. Sai mun ji daga gare ku.