Zufar dare: ɓarawon da ke shigowa cikin barci

Ƴan uwa manoma na Agiye, Gazawa da Gidan Runji, mun san zafin bazara. Daga Maris zuwa Mayu kowa yana kwana cikin zufa, ko a ɗaki ko a tsakar gida. Wannan ba ciwo ba ne. Amma akwai wata zufa daban. Mutum zai farka tsakar dare, ko da lokacin ɗari ne, ya tarar da riga da tabarma sun jiƙe sharkaf. A kanta za mu yi magana yau.

Abin da Sinawa suka ce

Tun shekarar 1976 ƙasar Sin ta fara aiko da likitoci Nijar, wasunsu sun yi aiki a asibitin Maraɗi. Ƙasarsu tana da maganin gargajiya mai daɗaɗɗen tarihi. A cikinsa ana kiran zufar dare "dao han", wato zufar ɓarawo, domin tana zuwa ne a saye lokacin da mutum yake barci, da ya farka sai ta tsaya.

Masu maganinsu sun ce jiki yana da ƙarfi iri biyu. Akwai "yin", shi ne sanyi da laima da hutu. Akwai "yang", shi ne zafi da motsi. Idan "yin" ya ragu, zafi ya rinjaya, sai barci ya katse, baki ya bushe, tafin hannu da na ƙafa su ɗauki zafi, kamar tukunyar da ruwanta ya ƙone alhali wuta tana ci. Don samun barci sukan ba da ƙwallon wata irin magarya mai tsami, ƴar uwar magaryarmu da kurna. Don zazzaɓin dare kuwa sukan ba da wani ganye, "qinghao", dangin tazargade. Daga wannan ganye ne wata malama, Tu Youyou, ta fitar da sinadari a 1972, wanda a yau yake cikin maganin zazzaɓin sauro da ake bayarwa a gidajen likita.

Wane ne ɓarawon?

Sunan ya dace, amma sunan kawai ba ya warkarwa. Zufar dare alama ce, dole a gano abin da ya kawo ta.

Na ɗaya, tarin fuka. Idan zufar ta haɗu da tari da ya wuce mako 2, da rama, da rashin cin abinci, to a yi hanzari. Ciwon yana yaɗuwa ta iska ga waɗanda ake kwana ɗaki ɗaya da su. Ana auna majina, maganin kyauta ne, ana shan shi wata 6 ba fashi. Wanda ya bari a tsakiya don ya ji sauƙi, ciwon zai dawo da ƙarfi.

Na biyu, zazzaɓin sauro, musamman da damina: rawar ɗari, zafin jiki, sannan zufa. Ɗigon jini ɗaya daga yatsa ya isa a gane shi.

Na uku, matan da al'adarsu take gab da ɗaukewa, wajen shekara 45 zuwa 55. Wannan ba abin tsoro ba ne, amma ungozoma tana da shawara.

Abin da za mu yi

1. Mu rage shan shayi da cin goro da dare.
2. Mu kwana cikin sange, a ɗaki mai shigar iska.
3. Mu bar sayen ƙwayoyi a tire a kasuwa.
4. Idan zufar ta yi ta dawowa, mu tafi gidan likita mafi kusa, ko a Tibiri, ko Cadakori, ko Gangara, mu faɗi duk abin da muke ji. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Manomin da tarin fuka ya kwantar a lokacin shuka, gidansa duka ne zai ji a rumbu. Wanda ya iya karatu ya karanta wa maƙwabcinsa wannan shafi.