Wa Zai Tsaya wa Mai Riƙe da Makullin Magani?

Makarantar ta gwamnati ce, ta 'yan mata, ta kwana, tana can bayan gari inda kwalta ta ƙare. In ka wuce ofishin shugabar makaranta da jerin ajujuwa, kafin ka kai ɗakunan kwana, za ka ga wani ɗan gini mai ɗaki biyu a inuwar darbejiya. Nan ne ɗakin shan magani. Gadaje ne kaɗan masu katifar leda, da benci, da randa, da kabad na ƙarfe mai kwaɗo. Da rana akwai ma'aikaciyar lafiya, amma da an yi la'asar za ta koma gari wajen iyalinta. Daga nan har wayewar gari, da ranakun Asabar da Lahadi, makullin kabad ɗin yana ɗaure ne a bakin zanen dattijuwar da ke kula da ɗakunan kwana, wadda kowa ke kira Iya.

Iya ba ta yi makarantar koyon jinya ba. Abin da ta sani ta tara shi ne daga rainon 'ya'yanta da na mutane, da kuma kallon ma'aikatan lafiyar da suka zo suka tafi. Duk da haka, ita ce ta fi kowa sanin jikin yaran nan. Ana idar da sallar asuba layi ke kamawa a ƙofarta. Masu sikila ne a gaba, kowacce da ƙullin da aka rubuta sunanta, a ciki akwai folik asid da Paludrine da ake sha kullum. Ba abin mamaki ba ne su yi yawa, domin Najeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan masu wannan ciwo. Ana ƙiyasta cewa jarirai kusan 150,000 ake haifa da shi a kowace shekara. Bayansu sai masu asma, da masu gyambon ciki, da masu ciwon mara da ke zuwa a duƙe. "Iya, kaina," in ji wata. Tambayar Iya ta farko ba ta sauyawa: "Sannu 'yar nan, kin sa wani abu a cikinki?"

Kowane lokaci na shekara da irin baƙinsa. Damina ta zazzabin cizon sauro ce, gadaje su cika har a shimfiɗa tabarma a ƙasa. Hunturu na masu asma ne da masu sikila, ƙura ta toshe ƙirjin waɗancan, sanyi ya shiga ƙashin waɗannan. Bazara kuwa, duk yarinyar da ta ce wuyanta ya riƙe sai gaban kowa ya faɗi, don an san sanƙarau a wannan yanki.

Da rana duk wannan mai sauƙi ne. Dare ne ke da wuya. A ce ƙarfe biyu aka kawo yarinya numfashinta na fita da ƙyar, abin shaƙarta na Ventolin ya ƙare tun makon jiya ba ta faɗa ba. A cikin kabad akwai irinsa, amma na wata ɗaliba ne. Wayar mahaifinta a kashe take, direban motar makaranta a gari yake kwana, asibiti kuma da nisa. In Iya ta ba ta, wani abu ya biyo baya, za a tambaye ta wa ya ba ta izini. In ta hana, za a ce tana kallo yarinya ta galabaita. Gaba kura, baya siyaki. Kuma ta san cewa ranar da magana ta kai ofishin 'yan sanda, sunanta za a fara rubutawa, ba na ma'aikatar ilimi ba.

Tsoron nata yana da tushe, domin magani ba abin wasa ba ne. Septrin da Fansidar sukan sa fatar wasu ta saluɓe har rai ya shiga haɗari. Ibuprofen da ake ba mai ciwon mara yana iya tayar wa mai asma ciwonta, ya kuma fama gyambon ciki. Farasitamol da kowa ya raina, in ya wuce ƙima hanta yake lalatawa. Ga shi wasu iyayen kan ɓoye ciwon 'ya'yansu, musamman farfaɗiya, don gudun kada a ƙyamaci yarinya ko abin ya bi ta har lokacin aure. Sai ranar da ta faɗi a filin taro ake sani, ƙawaye su watse, wata ta ruga neman cokali za ta cusa mata a baki, alhali abin da ake so shi ne a kawar da abin da zai ji mata rauni, a juya ta gefe in jijjigar ta lafa, a garzaya asibiti in ta wuce minti 5.

Abin da tsoro ya haifar a makarantar nan a bayyane yake. Malamai da dama sun ɗauki alkawarin ba za su taɓa miƙa wa ɗaliba ko ƙwaya ɗaya ba. Ciwon da za a iya kula da shi a nan sai a rubuta takardar fita a ce a kai ta gida, ta yi mako biyu ba ta aji. Su kuma yaran sun gano mafita: suna ɓoye magani a ƙasan akwati, wanda aka sayo musu a kemis ranar ziyara, suna rarraba wa juna a ɗaki bayan an kashe fitila. Ke nan maganin da babba ya ji tsoron bayarwa, yarinya 'yar shekara 13 ce ke bayar da shi, ba awo ba rubutu.

Abin lura shi ne, a wannan makarantar dai akwai ranar da malamai ke raba magani hankali kwance. Ranar rabon maganin tsutsar ciki da na tsargiya ke nan. Kafin ranar, jami'an lafiya sun horar da su. An sanar da iyaye. An tabbatar kowace yarinya ta ci abinci, ana tsayar da ita jikin sandar awo, tsayinta ya nuna adadin ƙwayar praziquantel da za ta sha, a rubuta a rajista, ga ma'aikacin lafiya a kusa ko da wata za ta yi jiri ko amai. Malaman da ke gudun Panadol su ne ke wannan aiki, saboda an koya musu, an rubuta musu iyaka, kuma sun san hukuma ce ta sa su.

Wasu ƙasashe sun mayar da irin wannan tsari doka. A Ingila, dokar yara da iyali ta 2014 ta wajabta wa makarantu kula da ɗalibai masu ciwo mai daɗewa. Ƙa'idojin da suka biyo bayanta sun ce a karɓi izinin iyaye a rubuce, a horar da ma'aikaci kafin a ɗora masa aikin, a rubuta duk abin da aka bayar, makaranta kuma ta tanadi inshorar da za ta kare shi. Tun Oktoban 2014 an yarda makarantu su ajiye abin shaƙar asma na ko-ta-kwana, a 2017 aka ƙara da allurar adrenaline ta masu mummunan borin jini. A Amurka, shugaba Obama ya sa hannu a 2013 kan dokar da ke fifita, wajen rabon wani tallafi, jihohin da suka wajabta wa makarantu su ajiye wannan allura suka kuma kare ma'aikacin da aka horar daga ƙarar diyya.

Mu ma tunanin ba baƙo ba ne a wurinmu. Malaman fiƙihu sun daɗe da rarrabewa tsakanin wanda ya yi magani da sani da izini, da wanda ya yi kasada ba sani. Na biyun ne ramuwa ke hawa kansa. Najeriya tana da manufar kula da lafiya a makarantu tun 2006, kuma dokar kula da waɗanda aka harba ta 2017 ta hana a tsangwami wanda ya taimaka ya kai su asibiti. Amma Iya ba ta da wata takarda a hannu da ta fayyace mata abin da za ta bayar, da abin da ba za ta taɓa ba, da wanda zai tsaya mata.

Kare Iya ba ya nufin yafe sakaci. Wanda ya ba da magani ba tare da duba suna ba, ko ya yi allurar da ba a koya masa ba, ko ya bar yarinya kwance ya tafi barci, dole ya amsa. Abin da ake nema shi ne a ranar shiga makaranta iyaye su cike takardar lafiya da gaskiya su sa hannu. Likitan asibitin da ke kusa ya rubuta jerin magungunan da aka yarda a bayar da adadinsu. A horar da masu kula da ɗakunan kwana da malaman da ke kwana a makaranta. A ajiye rajista da mota mai mai a tanki. Sannan majalisar dokokin jiha ta rubuta ƙarara cewa ma'aikacin da ya bi wannan tsari da kyakkyawar niyya, gwamnatin da ta ɗauke shi aiki ce za ta amsa a madadinsa. Wannan magana ce da ƙungiyar malamai ta NUT da ƙungiyoyin iyaye ya kamata su ɗauka tare, domin iyayen da suka kai 'yarsu makarantar kwana su ne za su fi kowa cin moriyar wannan kariya.