Katin hoto ko wutar lantarki: Lissafin da ya kamata matasan Kazaure da Babura su yi kafin sayen kwamfutar gem

A watan Janairun 2025 kamfanin Nvidia na Amurka ya fitar da katin hoto mai suna RTX 5090 a kan dala 1,999. Idan aka lissafa dala a kan naira 1,500, kuɗin ya kusa naira miliyan uku. Wannan ya zarce albashin wata 42 na ma'aikacin da ke karɓar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000, tun kafin a ɗora kuɗin dako, harajin kwastam da ribar ɗan kasuwa. Katin shi kaɗai yana iya jan wuta har wat 575.

Batun ya shafi arewa maso yammacin Jigawa fiye da yadda ake zato. A Kazaure akwai Kwalejin Fasaha ta Tarayya ta Hussaini Adamu da cibiyar koyar da fasahar sadarwa ta jiha, a Babura kuma akwai Jami'ar Fasaha ta Tarayya da aka kafa a 2021. Ɗalibin da ya haɗa kwamfuta mai ƙarfi ba gem kaɗai zai buga da ita ba. Da ita zai tace bidiyo, ya yi zane, wani ma ya buɗe gidan gem. Kuskure a wajen saye na iya cinye jarin shekaru. Mafi yawan shawarwarin da ke intanet kuwa an tsara su ne domin mutanen da wutarsu ba ta ɗaukewa.

Allo ne ke yanke hukunci

Katin hoto shi ne ɓangaren kwamfuta da ke zana duk abin da ido ke gani a kan allo. Hoton ya ƙunshi ƙananan ɗigo da ake kira fiksel, kuma yawansu ne ke nuna nauyin aikin katin.

Allon 1080p yana da fiksel 1,920 a kwance da 1,080 a tsaye, jimilla kusan miliyan 2.1. Na 1440p yana da kusan miliyan 3.7. Na 4K kuwa yana da kusan miliyan 8.3, wato ninki huɗu na 1080p. Idan ana son gem ya tafi sumul, katin zai zana wannan adadi aƙalla sau 60 a kowace daƙiƙa.

Shi ya sa ake fara zaɓen allo kafin kati. Wanda ya sayi allon 4K ya haɗa shi da ƙaramin kati zai ga hoto yana sarƙewa, sai ya rage ingancinsa. Wanda kuma ya sayi babban kati ya jona shi da tsohon allon ofis ya biya kuɗin ƙarfin da idonsa ba zai taɓa gani ba.

Girman allo ma yana da ruwa a ciki. A allo mai inci 24, 1080p ya wadatar. A inci 27, 1440p ya fi dacewa. Amfanin 4K ya fi fitowa fili daga wajen inci 32.

Lamba ta biyu da ke jikin kwalin allo ita ce Hz, wato sau nawa allon ke sabunta hoto a daƙiƙa guda. A gem na ƙwallon ƙafa irin EA Sports FC da na harbe-harbe, allon 1080p mai 144Hz ya fi na 4K mai 60Hz daɗin wasa, saboda motsi ya fi santsi. A duba kuma ko allon yana da FreeSync ko G-Sync, fasahar da ke daidaita saurinsa da na katin don kada hoto ya riƙa tsagewa. Waya ma tana da iyaka: HDMI 2.0 tana tsayawa a 60Hz idan ana 4K, abin da ya haura haka sai HDMI 2.1 ko DisplayPort 1.4.

Katin da ya dace da kowane mataki

Abu biyu ake dubawa a jikin kati bayan farashi: girman ma'adanarsa da yawan wutar da yake ja.

A matakin 1080p akwai RTX 4060 na 2023, mai ma'adana gigabait 8, mai jan wat 115, wanda ya fito a kan dala 299. Akwai kuma Arc B580 na kamfanin Intel, da ya fito a Disambar 2024 a kan dala 249, mai gigabait 12 da wat 190.

A matakin 1440p akwai RTX 4070 mai gigabait 12 da wat 200, sai RX 7800 XT na kamfanin AMD mai gigabait 16 da wat 263.

Cikakken 4K kuwa fagen manya ne, irin su RTX 4090 mai wat 450 da RTX 5090. Nvidia ta ba da shawarar a haɗa na ƙarshen da akwatin rarraba wuta mai wat 1,000.

Tsohuwar dabarar haɗa kati biyu a kwamfuta ɗaya domin ninka ƙarfi ta shuɗe. Sababbin gem ba sa amfana da ita. Abin da ya maye gurbinta shi ne DLSS na Nvidia da FSR na AMD, inda katin ke zana ƙaramin hoto sannan ya faɗaɗa shi da lissafi. Da wannan dabara matsakaicin kati kan ɗauki allon da ya ɗan fi ƙarfinsa.

Lissafin wuta

A nan ne shawarar ƙasashen waje ke rabuwa da halin da ake ciki a Roni ko Gwiwa. Kwamfuta mai RTX 4060, tare da allonta, tana jan wajen wat 300 yayin wasa. Mai RTX 5090 tana iya kai wa wat 800.

A Afrilun 2024 hukumar NERC mai kula da wutar lantarki ta ɗaga farashin yunit ɗaya ga 'yan rukunin Band A, waɗanda aka yi wa alƙawarin wuta ta aƙalla awa 20 a rana, zuwa naira 225, daga baya ya sauka zuwa wajen naira 209. A wannan farashi, wasan awa huɗu kullum zai ci kusan naira 7,500 a wata da ƙaramar kwamfutar, babbar kuma kusan naira 20,000.

Wanda ba ya samun wutar KEDCO yadda ya kamata lissafinsa ya fi tsanani. Batirin sola mai bolt 12 da 200Ah yana ajiye yunit 2.4, kuma idan na dalma ne, rabi kawai ake so a ja domin kada ya mutu da wuri. Wannan rabin zai riƙe kwamfuta mai wat 300 na kusan awa huɗu, mai wat 800 kuma awa ɗaya da rabi. Ƙaramin janareta da ake gauraya wa fetur da baƙin mai ba zai ɗauki babbar ba ma sam. Mai shirin buɗe gidan gem da kwamfuta biyar zai tanadi wat 1,500 a zaɓi na farko, wat 4,000 a na biyu, ban da fanka da fitilu, a lokacin da fetur ya ninka farashi tun cire tallafi a Mayun 2023.

Wuta mai hawa da sauka kuma tana ƙona kayan kwamfuta. Don haka kuɗin sitabilaiza, ingantacciyar inbata da akwatin rarraba wuta na ƙwarai suna cikin farashin kwamfutar, ba a ajiye su sai an samu rara.

Zafi da ƙura

Daga Maris zuwa Mayu zafi a wannan yanki yakan haura digiri 40. Duk wat ɗin da kati ya ja yana komawa zafi a cikin ɗaki, kuma idan katin ya yi zafi da yawa yakan rage gudunsa da kansa domin kada ya lalace. Babban kati a ɗakin kwano marar na'urar sanyaya ɗaki ba zai yi aikin da aka biya dominsa ba. Lokacin hunturu kuma ƙura ke toshe fankokinsa, sai an riƙa buɗe akwatin ana hure ta.

Hattara da na hannu

Mafi yawan masu saye daga nan Kano suke nufa, ko su yi oda daga Computer Village ta Ikeja a Legas, kuma tsada na tura da yawa ga katin hannu. A Satumbar 2022 tsarin kuɗin kirifto na Ethereum ya daina dogaro da haƙa da katin hoto, sai katunan da suka yi shekaru suna aiki dare da rana suka kwararo kasuwannin duniya. Ba dukansu ne suka lalace ba, amma fankarsu da man da ke rage zafinsu sukan gaji. Kada a biya kuɗi sai an jona katin, an buga gem mai nauyi na aƙalla rabin awa, an duba zafinsa, an kuma tabbatar da ainihin sunansa da manhajar GPU-Z, domin akan sauya wa tsohon kati suna. A karɓi rasit mai lambar katin.

Inda siyasa ta shigo

Farashin waɗannan kaya a dala yake. Kafin a saki naira ta nemi darajarta a Yunin 2023, dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati. A 2024 ta haura 1,500. Katin da bai ƙara ko sisi a Amurka ba ya ninka sau uku a nan. A waje kuma kamfanonin ƙirƙirarriyar basira suna wawason irin waɗannan na'urori, har Amurka ta hana sayar wa Sin RTX 4090 a ƙarshen 2023.

Ga mafi yawan matasan yankin, allon 1080p ko 1440p mai saurin 144Hz, da kati mai jan wat 200 ko ƙasa da haka, da ragowar kuɗin a zuba a batir da kariyar wuta, shi ne zaɓin da zai daɗe yana aiki. Iya ruwa fidda kai.

Sauran lissafin yana hannun masu mulki. Dokar Wutar Lantarki ta 2023 ta bai wa jihohi ikon samar da wuta da kula da kasuwarta a cikin iyakokinsu. Yankin da ke da manyan makarantun fasaha uku yana da hujjar tambayar gwamnatin jiha da wakilansa a majalisa awa nawa na wuta garuruwan nan ke samu a rana, da kuma ranar da adadin zai ƙaru.