Tsatsa da Ƙarfen da Na'ura ke Ginawa

A ƙasar Gumel, daga Maigatari zuwa Gagarawa da Sule Tankarkar, ruwa yana da nisa a ƙarƙashin ƙasa, shi ya sa garuruwa da dama suka dogara ga rijiyar burtsatse da famfon tuƙa-tuƙa. Babban abokin gabar famfon nan kuwa shi ne tsatsa. Da zarar ƙarfe ya haɗu da ruwa da iskar oksijin sai ya fara cinyewa, gishiri da tsamin ruwa kuma su ƙara wa abin sauri. Wani bincike da Bankin Duniya ya wallafa a 1994 a kan Afirka ta Yamma ya nuna cewa bututun da aka shafe da tutiya, watau zinki, ba ya jure ruwan da ma'aunin tsaminsa, pH, ya gaza 6.5.

A yau akwai na'urar da ke gina kayan gyara daga garin ƙarfe. Takan shimfiɗa garin, kaurinsa kamar silin gashi, hasken leza ya narkar da shi, ta sake shimfiɗa wani a kai, har kayan ya kammala. Sau da yawa ƙarfe mara tsatsa ake amfani da shi, wanda sinadarin kuromiyam da ke cikinsa, aƙalla kashi 10.5 cikin ɗari, yake yi masa wata siririyar riga.

To, a nan gizo ke saƙar. Inda garin bai narke sosai ba, sai a bar 'yan ramukan da ido ba ya gani. Gishiri ya taru a ciki, ya huda rigar, tsatsa ta yi ta nutsawa alhali waje yana ƙyalli. Abin mamaki, idan ginin ya yi kyau, ƙarfen kan fi na masana'anta juriya, domin saurin hucewarsa yana rage dattin da tsatsa ke farawa daga gare shi.

Saboda haka tilas a gwada. Tsohuwar hanya, wadda aka tsara a Amurka a 1939, ita ce a sa ƙarfen cikin akwati, a yi ta fesa masa hazon ruwa mai gishiri kashi 5 cikin ɗari, a zafin digiri 35, kwana da kwanaki. Wata hanyar kuma a tsoma shi cikin ruwa, a riƙa ƙara ƙarfin lantarki har rigar ta fashe. Sai dai hazon akwati daban, ruwan rijiya daban. Kayan da za a zura a burtsatsen Gagarawa, da ruwan Gagarawa ya kamata a gwada shi.