Malafar Jaji: Inda Nana Asma'u Ta Samo Ikon Magana

A Jamus ta ƙarni na 12, wata mace mai suna Hildegard ta Bingen sai da ta ce an buɗe mata gaibu tana gani kafin maza su saurare ta. Ta fara rubuta abin da take gani a 1141, kuma sai da Fafaroma ya sa albarka sannan aikin ya samu gindin zama. Mace a can ba ta da mumbari, ba ta da izinin karantarwa, sai ta kama ƙofar da ba mai iya rufe mata.

Ita kuwa Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu, wadda aka haifa a Ɗagel a 1793 ta rasu a 1864, da karatu ta tsaya. Ba don gidansu bai san kashafi ba: mahaifinta da kansa ya ba da labarin ganinsa da Shehu Abdulƙadir Jilani a 1794. Amma ita ginshiƙin maganarta Alƙur'ani ne da hadisi da silsilar malamai, cikin Larabci da Fillanci da Hausa. Shehu ya riga ya share mata hanya a Nurul Albab, inda ya yi tir da malaman da ke barin matansu da 'ya'yansu cikin jahilci.

Dubi waƙarta Tawassuli ga Mata Masu Albarka. Ta jero matan Annabi da 'ya'yansa, da waliyyai irin su Rabi'atul Adawiyya, sannan ta gangaro har kan matan zamaninta. A ganina nan hikimar take: ta nuna wa matar ƙauye cewa tana da iyaye a cikin ilimi, ba baƙuwa ba ce.

Sannan ta ba muryarta ƙafafu. Ta kafa ƙungiyar mata ta 'Yan Taru, ta naɗa dattijai mata a matsayin jaji, kowace ta ɗora mata malafa da jan rawani. Malafar nan a da alamar Inna ce, shugabar bori a Gobir. Asma'u ta ɗauke ta ta ɗora a kan malama. Jaji takan jagoranci mata su zo su haddace waƙoƙin, su koma su rera wa waɗanda aure da raino suka tsare a gida.

Kano na da rabonta. Ƙanwarta Maryam ta auri Sarkin Kano Ibrahim Dabo, ta karantar a gidan sarki, daga baya ta koma Sakkwato ta gaji ragamar 'Yan Taru. Wanda ya san ƙauyukan Dambatta da Bichi da Makoɗa, inda gona ke manne da gona, kulle kuma ya yi ƙarfi, ya san yadda wa'azi ke shiga gida: ta bakin tsohuwa tana sussukar gero ko tana kaɗi, jikoki na amsawa.

Masu bincike Jean Boyd da Beverly Mack sun tattara ayyukan Asma'u a 1997. Abin da ke bakin tsofaffinmu da takardun ajami da ke cikin gafaka, gara na ci, shi ke jiran mai tattarawa. Ɗaliban Jami'ar Bayero da malaman Islamiyya, ku shiga ƙauyukan nan ku naɗi muryoyin iyayenmu mata tun suna da rai.