Akwati Bisa Akwati: Ina Za A Sa Kwaɗo?

A Damargu mutum ba ya zama wuri ɗaya da kayan aikinsa. In damina ta faɗi, manomi ya tashi zuwa gonar daji. Makiyayi ya bi ciyawa arewa, da rani ya komo kudu. Guduma, zarto, gizago, bakin hauya, allurar dabbobi, duk sai an ɗauka. In ɗaya ya ɓace ranar shuka, kasuwa tana da nisa. Ruwan Damargu kuwa ba ya jiran kowa.

Shi ya sa ake son akwatin ƙarfe, wanda maƙera ke yi da tsohon tano. Amma wuri kaɗan ne a amalanke, kaɗan ne a bukka. Dole a ɗora akwati bisa akwati. To, a nan rigimar take. Na bisa ya danne kwaɗon na ƙasa. Amalanke ya faɗa rami, na bisa ya zame, marfi ya buɗe, kaya su watse cikin rairayi.

Kulle kayan tafiya ba sabon abu ba ne a gundumar Tanut, ko a Balbeji wadda ta zama gunduma a 2011. Tun dā ayarin Abzinawa yake ratsa ƙasar nan da gishiri, ya sayi hatsi, ya wuce Damagaram da Kano. Maƙeransu, waɗanda ake kira inadan, suna ƙera wani kwaɗo na jakar fata. Sunansa tanast. Da baƙin ƙarfe ake yin sa, a yi masa ado da tagulla da jan ƙarfe.

Cikinsa akwai siraran harsunan ƙarfe. In an rufe, harsunan su buɗe, su maƙale ciki. Makullin ba murɗa shi ake yi ba. Tura shi ake yi, ya matse harsunan, sai kwaɗo ya saki. Wani tanast ɗin makulli ɗaya ba ya buɗe shi. Na farko ya kau da wani ɗan marfi, sannan ƙofar na biyu ta bayyana. Akwai mai makulli uku. Ɓarawo ya rasa ta inda zai fara, rairayi ma ya rasa ta inda zai shiga. Wannan dabara ta fi ta kwaɗo mai araha, wanda iska ɗaya ta hunturu ke cika masa baki da ƙasa.

Akwatin da za a jera kuwa, abu biyu ake nema gare shi. Ya riƙe ɗan'uwansa, kuma ya hana hannu shiga. A Jamus an fito da akwatunan roba masu suna Systainer a 1993, masu kama juna. A 2010 aka yi musu maɓalli ɗaya a gaba, wanda ke buɗewa, ya rufe, ya kuma haɗa akwati da na bisansa. Dabara ce mai kyau. Sai dai maɓalli ba kwaɗo ba ne: yaro ma yana iya juya shi.

Maƙerin gari yana iya yin duka biyun, in an gaya masa tun kafin ya yanka ƙarfe. Akwatunan su zama girma ɗaya. Marfi ya zama shimfiɗaɗɗe, da ɗan baki kewaye, don gindin na bisa ya zauna ciki. Mariƙi a gefe, ba a kan marfi ba. Wurin kullewa a gaba, zoben kowane akwati daidai da na ƙasansa. Sai a zura sandar ƙarfe ɗaya daga bisa, ta ratsa zobban duka. A huda sandar ƙarƙashin zoben ƙarshe, a sa kwaɗo nan. Sandar ba ta zaruwa. Kwaɗo ɗaya ya tsare akwati uku.

Ku duba bayan akwati kafin ku biya. Da yawa sun sayi babban kwaɗo, alhali mahaɗin marfi da ƙusa mai kwancewa aka kafa shi daga waje. Ɓarawo ba ya ma taɓa kwaɗon. A dandaƙe kan kowace ƙusa daga ciki.

Mai nauyi a ƙasa. Maganin ƙwari da na dabbobi a akwatinsu dabam, da kwaɗonsa dabam, saboda yara. In akwatin ƙungiya ne, a huda sandar wuri biyu, kwaɗo biyu: makulli ɗaya hannun shugaba, ɗaya hannun ma'aji.

Kada a ɗura wa kwaɗo man gyaɗa ko baƙin mai. Mai yana kama ƙura, ya zama taɓo. A kankare bakin fensir, a hura garin cikin ramin makulli. A ɗinka masa ƴar rigar fata, ta rufe bakin.