Roba, foli ko ƙarfe: Wane bushin ya dace da ƙafar motarka?

A duk kayan da ke ƙafar mota babu wanda ake rainawa kamar bushin. Ɗan curin roba ne da bai kai dunƙulen hannu ba, yana maƙale a mahaɗar ƙarafa, inda ido ba ya kaiwa sai an ɗaga mota. Amma ranar da ya mutu, sabuwar taya takan cinye ta gefe ɗaya cikin 'yan watanni, sitiyari ya riƙa yawo a hannun direba, motar kuma ta riƙa fizgewa gefe idan aka taka birki da ƙarfi. Wanda ya taɓa taka birkin gaggawa a babbar hanya ya san abin da fizgewar taku ɗaya ke iya jawowa.

Mai motar da ya gaji da sauya bushin yanzu yana da zaɓin da babu shi a da. Ana tallata wasu masu launin ja, rawaya ko shuɗi a intanet, ana cewa irin na motocin tsere ne, sun fi na kamfani ƙarfi kuma ba sa mutuwa. Akwai gaskiya a cikin tallar, sai dai ba duka ake faɗa ba.

Tayar mota tana haɗe da gangar jikinta ne ta wasu hannuwan ƙarfe, waɗanda kanikawa ke kira am. Dole kowane hannu ya riƙa lilo sama da ƙasa yayin da taya ke bin tudu da kwari, kuma a inda yake lilon ne ake sa bushin. An ɗora masa ayyuka biyu da ba sa ga maciji da juna. Ana so ya riƙe taya daram a saitin da aka yi mata, ana kuma so ya shanye dukan hanya kafin ya iso jikin mota da na mutanen cikinta. Abu mai tauri ya fi iya riƙo, abu mai laushi ya fi iya shanye duka. Duk wanda ya zaɓi bushin, ciniki yake yi tsakanin waɗannan biyun, ko ya sani ko bai sani ba.

Abin da roba ke yi

Tun da Charles Goodyear ya gano a shekarar 1839 cewa dafa roba da farar wuta yana hana ta narkewa a zafi da sandarewa a sanyi, roba ta zama abin dogaro a masana'antu, kuma har yau da ita kamfanonin mota ke yin bushin ɗin motocin hawa. Irin wanda ke cikin am yawanci bututun ƙarfe biyu ne, ƙarami a cikin babba, an dafa roba a tsakaninsu har ta manne wa kowanne. Babu abin da ke goga wani abu a cikinsa. Idan am ya yi sama, robar ce ke murɗewa kamar yadda ake matse wanki, idan ya sauko ta warware. Shi ya sa ba ya buƙatar giris, ƙura ba ta da ƙofar shiga, kuma ba ya kuka.

Wanda ya duba babban bushin ɗin am na gaba a motoci da dama zai ga ramuka a jikin robar. Da gangan aka yi su. Injiniyoyi suna so ya yi laushi ta gaba da baya, domin taya ta ɗan ja da baya idan ta daki bakin rami, ya kuma yi tauri ta gefe, domin kada ta kauce a kwana. Wasu motocin, kamar wasu samfuran BMW, har ruwa ake ɗurawa a cikin nasu don ya ƙara kashe girgiza. Ke nan abin da ake gani kamar curin roba lissafi ne da aka yi wa wannan motar takamaimai.

Maƙiyan roba su ne zafi, tsufa da mai. Zafin ƙasarmu yana busar da ita ta tsattsage. Baƙin mai ko man sitiyari da ke ɗiga a kanta yana kumbura ta har ta yi laɓo-laɓo. Mai motar da injinsa ke yoyo, ya sauya bushin bai toshe yoyon ba, ya sayi wani bushin ɗin a gaba. Haka ma masu zuba baƙin mai a ƙafar mota wai don su kashe ƙara.

Sai dai babban abin da ke kashe sabon bushin a garejojinmu shi ne yadda ake ɗaura shi. Bakanike ya ɗaga mota a kan jak, taya tana reto, ya sa am, ya ɗaure noti tamau, sannan ya sauke motar. Da nauyi ya hau, am ya koma mazauninsa, robar da aka kulle a can ƙasa sai ta murɗe, ta kuma zauna a murɗe dare da rana ko motar tana ajiye. Kowane rami da aka shiga ƙari ne a kan murɗewar da take ciki, har ta yage ta rabu da ƙarfenta. Ƙa'idar da littattafan gyara na kamfanoni ke bayarwa ita ce a bar notin da ɗan sassauci, a sauke mota ta tsaya da nauyinta a kan tayoyinta, sannan a yi ɗaurin ƙarshe. Garejin da ke da ramin shiga ƙarƙashin mota ba shi da wani uzuri a nan. Bushin da dama da ake zagi da sunan jabu a hannun mai ɗaurawa suka mutu.

Akwai kuma batun cirewa da sakawa. Da injin matsi ake tura bushin cikin am, ba da guduma ba, kuma mai ramuka yana da fuskar da dole ya kalla. Idan aka juya shi, laushin ya koma inda ake son tauri. Ƙona tsohon da wuta don ya fita cikin sauƙi yana iya raunana am ɗin, musamman idan na alminiyam ne.

Foli da kayan filin tsere

Masu launin nan da ake tallatawa da foliyuretan ake yin su, wanda ake taƙaitawa da foli. Wani masanin haɗa sinadarai ɗan Jamus, Otto Bayer, shi da abokan aikinsa ne suka samar da shi a 1937. Ana auna taurin irin waɗannan kaya da ma'aunin Shore A, wanda ke tafiya daga 0 zuwa 100. Robar ɗaure kuɗi tana tsakanin 20 da 30, fuskar tayar mota tana tsakanin 60 da 70, bushin ɗin roba na kamfani yawanci tsakanin 50 da 70. Foli kuwa yakan fara daga 70 ya kai 95. Kamfanin Powerflex na Ingila, alal misali, yana sayar da mai launin shunayya a kan 80 don motar titi, baƙi kuma a kan 95 don filin tsere. Launi dai ba ma'auni ba ne, kowane kamfani da nasa tsarin, don haka lambar ake tambaya.

Foli ba ya tsoron mai, ba ya tsattsagewa da wuri, kuma direba yakan ji bambanci nan take, domin sitiyari yana amsawa da sauri. Amma ba a manna shi da ƙarfen tsakiya kamar roba. Juyawa yake a kansa, wato akwai gogayya, kuma duk inda gogayya take sai da giris. Girisinsa na musamman ne, galibi mai silikon, wanda ke zuwa tare da shi. Idan ya bushe sai a fara jin ƙara kamar ta tsohon gado. A inda ake yin watanni ana hazo da ƙurar hunturu, sannan damina ta zo a riƙa kutsawa cikin ruwa da laka, ƙura takan cakuɗe da girisin ta zama abin da ke cin bushin ɗin da ƙarfen da ke cikinsa. Mai shi zai riƙa komawa gareji ana kwancewa ana shafawa. Kuma akwai mahaɗun da ke motsi ta fuska fiye da ɗaya, kamar na wasu hannuwan ƙafar baya. Roba tana bin su ko ta ina, foli mai tauri kuwa yakan cije ya hana ƙafar yin tafiyar da aka tsara mata.

Gaba da foli akwai Delrin, wani roba mai taurin ƙashi da kamfanin DuPont ya fitar kasuwa a 1960, wanda kusan ba ya lanƙwasa ko kaɗan. Ƙarshen tauri kuma shi ne mahaɗar ƙarfe zalla, ƙwallo a cikin zobe, wadda Amurkawa ke kira Heim, mutanen Ingila kuma Rose.

Dalilin da ya sa masu tsere ke son waɗannan a fili yake. Motar hawa ba ta cika kai ƙarfin da ya yi daidai da nauyinta ba wajen turi zuwa gefe a kwana, amma motar Formula 1 takan ɗauki ninki huɗu zuwa biyar. Ko motar gida da aka gyara don tsere, idan aka sa mata tayoyi masu kama ƙasa, turin da take yi yana matse bushin ɗin roba har taya ta karkace daga saitinta a tsakiyar kwana, daidai lokacin da direba ya fi buƙatarta. A wurinsa kaucewar milimita biyu asara ce. Amma a lura da duniyar da yake ciki. Fili irin Silverstone na Ingila ko Kyalami na Afirka ta Kudu shimfiɗaɗɗiyar kwalta ce da babu rami. Direban yana sanye da hular kwano, ba ruwansa da ƙara ko girgiza. Tafiyarsa ta sa'o'i kaɗan ce, daga nan kanikawansa su kwance ƙafar su duba komai, su jefar da abin da ya fara sassautawa. Mahaɗar ƙwallon da ba ta da murfi, idan aka sa ta a motar zuwa ofis ko kasuwa, ƙura da ruwa za su cinye ta ta fara ƙwanƙwasa cikin ɗan lokaci.

Abin da masu talla ba sa faɗa shi ne dukan rami ba ya ɓacewa don an sa abu mai tauri. Wucewa yake gaba. Abin da roba za ta shanye sai ya tafi kan boljoyin, kan shakazoba, kan ƙarfen da am ke ɗaure a jikinsa, ya ƙare a kujerar direba. An tsara bushin ya zama mai arahar da zai mutu domin masu tsada su rayu. Ba banza ba Peugeot 504, wadda aka harhaɗa a Kaduna shekaru da dama, ta yi suna a hanyoyin burji da gargada. Ƙafarta mai laushi ce mai doguwar tafiya, tana bin hanya maimakon faɗa da ita.

Wannan bai hana foli samun gurbi a motar titi ba. Bushin ɗin sitabilaiza, wato sandar da ke hana mota kwanciya a kwana, dama juyawa sandar take a cikinsa, kuma sauƙin kaiwa gare shi ya sa shafa giris ba wahala ba ne. A nan foli mai lamba 70 zuwa 80 yana iya daɗewa fiye da roba ba tare da ya ƙara wa mota tsauri sosai ba. Haka a tsohuwar motar da aka daina samun ingantaccen bushin ɗinta na roba, foli mai laushi ya fi jabu. Babban bushin ɗin am mai ramuka ko mai ruwa kuwa, a ra'ayina, a bar shi yadda kamfani ya yi shi.

A kasuwarmu

Zaɓin da yawancin masu mota ke fuskanta a Ƙofar Ruwa a Kano, ko Panteka a Kaduna, ko Apo a Abuja, ba tsakanin roba da Delrin ba ne. Tsakanin sabo, Beljiyam da sassaƙen taya ne.

Am na Beljiyam ƙarfensa yakan zama na asali, kuma wannan abin so ne, amma robar da ke cikinsa ta yi shekarun motar da aka ciro shi daga gare ta. A duba ta a haske. Ƙananan tsaga a fuska ba su da illa sosai. Tsaga mai zurfi, ko robar da ta fara ɓallewa daga ƙarfe, ko alamar ruwan da ya tsiyaye ya bushe, duk shaidar mutuwa ce. Sau da yawa dabarar da ta fi ita ce a riƙe am na asali idan bai lanƙwashe ba kuma boljoyin ɗinsa lafiya, a tura masa sabon bushin mai kyau.

Wanda ake sassaƙawa daga tsohuwar tayar babbar mota sana'a ce da ta ceci matafiya da yawa, kuma a wuyan shakazoba ko a sitabilaiza yana iya kai mutum wani lokaci. A cikin am kuwa bai manne da ƙarfe ba, ba shi da ramukan da aka lissafa, kuma babu mai iya cewa na dama da na hagu taurinsu ɗaya. Idan ɗaya ya fi ɗaya laushi, ɓangarensa ne zai fi ja da baya a lokacin birki, motar ta karkata can. Saboda wannan dalilin ne ma ake sauya bushin biyu-biyu, dama da hagu tare, ko da ɗaya ne ya mutu.

Gwajin ba shi da wuya. A ɗaga mota, bakanike ya sa liba a kusa da mahaɗar ya ɗan banƙara. Lafiyayyen bushin zai ɗan motsa ya dawo, mataccen kuma zai bar am ya yi wasa ko a ji ƙarfe ya taɓa ƙarfe. Bayan an sauya, an sauke mota an yi ɗaurin ƙarshe, sai a wuce wurin masu alaimen kafin a hau babbar hanya, domin saitin da ke kan motar an yi shi ne a kan tsohon bushin da ya riga ya saki.